Me ya kamata ka saya don cire tsohon gam daga jikin jirgin ruwa?

Idan aka ɓare tsohuwar sitika ko lambar rajista daga jikin jirgin faiba, sai a bar wani danƙo mai kama ƙura, wanda ruwa da sabulu ba sa fitar da shi. Kafin ka zaro kuɗi, ka fara sanin irin gam ɗin da kuma abin da yake manne a kai, domin maganin da ya dace da faiba yana iya cinye fenti.

Gam ɗin sitika da na salatif shi ne mai sauƙi, kuma ni a ganina kananzir ya ishe shi. Jiƙa tsumma, ɗora a wurin kamar minti 10, za ka ga danƙon ya saki yana nannaɗewa. Sai ka bi shi da makankarin roba ko tsohon katin banki. Kada ka sa reza, za ta zana fatar faibar mai sheƙi. Aibin kananzir ɗaya ne, yana barin maiƙo, in ba ka wanke da sabulu ka goge da sifirit ba sabuwar sitika ba za ta kama ba. WD-40, man feshin da ake sassauta tsatsa da shi, ma haka yake aiki, sai dai ya fi tsada.

Asiton, sinadarin da ake goge fentin farce da shi, ya fi su ƙarfi. Shi ne ke laushe gam irin Evo-Stik da ake manna kafet da shi a ƙasan jirgi. Amma a digiri 56 kacal yake tafasa, shi ya sa a zafin ranar Yawuri ko Baga kafin ka goga sau biyu tsumman ya bushe, kwalba ta ƙare aiki bai yi rabi ba. Da sassafe ake aiki da shi, a inuwa. Kuma faiba tsura kawai ya dace da shi. Yana dusar da fenti, yana sa gilashin roba ya yi hazo, yana ɓata ledar kujera. Tinar masu fenti ma haka take.

Fetur kuwa, don Allah a bar shi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi, tartsatsi ɗaya ya isa.

Mai hali zai iya neman 3M Adhesive Remover ko Goo Gone, wanda ake haɗawa da man ɓawon lemo. Ba su da tsananin asiton a kan fenti, sai dai ba a kowace kasuwa ake samunsu ba. Mai jirage da yawa gara ya sayi fayafayin roba da ake ɗaurawa a injin huji, suna murje sitika da gam tare. Sai an riƙa motsa hannu, in aka tsaya wuri ɗaya zafi zai ƙona faibar.

Silikon da ya bushe da gam mai suna 3M 5200 ba sa narkewa da kananzir. Yankewa ake yi a kankare a hankali.

Ko wanne ka saya, gwada shi tukuna a wani lungu da ido ba ya kaiwa, kuma a fito da jirgin tudu, kada mai ya zuba inda ake kamun kifi.

Kwale-kwalen katako ba ya son kananzir da sauran magunguna masu maiƙo, domin itace yana shan mai, fenti ya ƙi zama daga baya. Makankari da samfefa sun wadatar. In kuma ka goge gam tas amma siffar sitikar tana nan, rana ce ta dusar da kewayen wurin, man goge faiba za ka nema.