Kan sarki nawa zan manna: lissafin gida ko awo a kantar gidan waya?

Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari gari ya waye in amsa maka a natse. Ka ce Baba ya ba ka takardunsa na fansho, falle 12 da hotuna 2, ka aika wani ofishi a Abuja daga nan Jos. Akwai kuma 'yar wasiƙa falle 2 da yake so ta je wa ƙaninsa a Ingila. Ka tarar da ragowar kan sarki a cikin tsohon littafinsa, ka duba intanet wani ya ce ɗaya ya isa, wani ya ce uku. Yanzu kana so ka sani, ka lissafa da kanka ka manna ka jefa, ko dole sai ka taka zuwa gidan waya. Allah ya yi maka albarka da wannan hidima da kake wa tsoho.

Da farko, ba da guda ake ƙirga kan sarki ba, da kuɗin da ke rubuce a jikinsa ake ƙirgawa. Mu ɗauka a misali ma'aikaci ya ce kuɗin wasiƙarka naira 350 ne. Kana iya manna na naira 100 guda 3 da na naira 50 guda 1, ka ga 4 ke nan. Kana iya manna na naira 50 guda 7. Duk ɗaya ne a wurinsu, muddin jimla ta cika. Shi kuwa kuɗin abu uku ke tsayar da shi: nauyin ambulan, inda za shi, da irin aiken da ka zaɓa.

Waɗanda suka ce maka ɗaya ya isa ba ƙarya suka yi ba, labarin ƙasarsu suke ba ka. A Amurka tun 2007 suna da kan sarkin da suke kira Forever, ba a rubuta kuɗi a jikinsa, yana ɗaukar wasiƙar cikin gida da ba ta wuce oza ɗaya ba, wato giram 28 da 'yan kai, kuma ko farashi ya tashi ƙarfinsa bai ragu ba. A Ingila tun 2006 girman ambulan ya shiga lissafi. Ƙaramar wasiƙa a can tana kaiwa giram 100 da kan sarki ɗaya, amma da sharaɗin kaurinta kada ya wuce milimita 5, kuma in ka sa takarda a miƙe ba ka naɗe ba, ta koma ajin babbar wasiƙa mai kuɗi daban. Mu nan matakin farko na nauyi, wato mafi ƙarancin kuɗi, giram 20 ne. Sannan ka riƙe wannan: kan sarkin ƙasar da aka jefa wasiƙa shi ke aiki. Wasiƙar kawunka ko da Landan za ta, na Najeriya za ka manna mata tunda daga Jos ta tashi.

To, mu zo ga lissafin gida. Yana yiwuwa, kuma ba wuya. Duba jikin kwalin takardar da ake hoto da ita a shagon kwafi, za ka ga an rubuta 80 ko 75 ko 70. Wannan nauyin murabba'in mita ɗaya ne na takardar, kuma fallen A4 guda 16 ke cika murabba'in mita. Idan mai 80 ce, kowane falle giram 5 ke nan cif. Mai 70 ta ɗan gaza giram 4 da rabi. Ƙaramin farin ambulan shi ma wajen giram 5 ne. Wasiƙar kawu, falle 2 da ambulan, giram 15, tana cikin matakin farko hankali kwance. Da falle 3 ne da ka tsaya daidai kan iyaka, inda hoto ɗaya zai tsallakar da kai. Takardun Baba kuwa falle 12 giram 60 ne, babban ambulan mai ruwan ƙasa ya ƙara 15 zuwa 20, ga hotuna ga ƙarfen maƙala takarda, ka doshi giram 80. Matakin farko sau 4 ke nan. Idan akwai mai yin kek a gidanku, ara ƙaramin sikelinta na fulawa ka ɗora, zai ba ka adadi mafi kusa.

Amma ka lura, duk wannan nauyi kaɗai ya ba ka. Bai ba ka farashin yau ba, kuma farashi yana canzawa. Bai gaya maka kuɗin Ingila ba, wanda ba ɗaya yake da na cikin gida ba. Mai lissafin gida yakan faɗa ɗaya daga rami biyu: ko ya cika ambulan da kan sarki saboda tsoro ya yi asarar kuɗi, ko ya gaza. Na biyun ya fi ciwo. A tsarin gidajen waya na duniya, wasiƙar da kuɗinta bai cika ba ko dai a mayar wa mai ita, ko a buga mata harafin T a nemi cikon daga hannun wanda aka aika wa. Ka yi tunanin ofishin fansho, wa zai cire kuɗi daga aljihunsa don ya karɓi takardar mutumin da bai sani ba?

Ni ya taɓa faruwa da ni. Ina saurayi na nemi wani aiki, na haɗa kwafin takardun makaranta da hotuna, na manna irin kan sarkin da na saba manna wa wasiƙar da nake aika wa mahaifiyata, na jefa a akwati na koma gida ina jira. Bayan mako uku na buɗe akwatin gidan wayarmu na tarar da ambulan ɗina ya dawo, gefensa ya lanƙwashe, an yi rubutu da jan biro kusa da kan sarkin. Ranar rufe karɓar takardu ta riga ta wuce. Har yau ina tuna yadda na tsaya a wurin riƙe da shi. Abin da ya rage a kuɗin bai kai na motar da na shiga ba.

Awon kanta kuwa ga yadda yake. Ka shiga babban gidan waya da ke titin Ahmadu Bello, ka miƙa ambulan a rufe, ma'aikaci ya ɗora a sikeli, ya dubi adireshi, ya tambaye ka wane irin aike kake so, ya faɗi kuɗi. Sai ya buɗe babban littafin da suke ajiye kan sarki, ya yago maka ta layin hudojin nan, ka shafa gam ka manna a kusurwar sama ta hannun dama, ya ɗauki hatimi ya buga a kai. Wannan bugun shi ne ke kashe kan sarkin kada a sake amfani da shi, kuma yana ɗauke da suna da kwanan wata, shaidar ranar da ka aika. Abin da wannan hanya za ta ci maka kuɗin keke ne da ɗan lokaci. Abin da za ta ba ka shi ne babu sauran zato, wanda ya auna shi ya faɗi kuɗi, shi ya karɓa.

Ragowar kan sarkin Baba ka tafi da su, kada ka manna tun daga gida. Damina irin ta Jos takan sa su manne wa juna ko wa shafin littafi, kuma wanda ya yage ko hatimi ya taɓa shi ya tashi aiki. Nuna wa ma'aikaci, waɗanda ya karɓa a lissafa da su, ka sayi ciko. In ka ga masu sule da fam a ciki, wato na kafin 1973 da aka koma naira, waɗannan ka adana wa Baba, tarihi ne. Sunan ma daga can ya samo asali: na farko da aka buga wa Arewacin Najeriya a 1900 kan Sarauniya Biktoriya ne a jiki, sarakunan Ingila da suka biyo bayanta su ma kawunansu aka sa, mutanenmu suka ce kan sarki, sunan ya zauna har yau da ake sa hoton wasu abubuwa. Kafin 1840 a Ingila da yawan falle da nisan tafiya ake lissafi, kuma galibi mai karɓa ke biya. Gyaran da wani Baturen Ingila mai suna Rowland Hill ya kawo ne ya mayar da abin kan nauyi, mai aikawa ya biya tun farko. Shi ya sa har gobe sikeli ke da magana ta ƙarshe.

Akwai wani dalili da ya fi duk wannan ƙarfi da zai kai ka kanta, kuma shi ne ya fi damuna a tambayarka. Takardun fansho ba abin jefawa a akwati ba ne, ko da ka cika kuɗin daidai. Wasiƙar yau da kullum ba ta da rasit, ba ta da lamba, in aka ce ba a gani ba magana ta ƙare. Wasiƙar rajista kuwa ana ƙara kuɗin rajista a kan na nauyi, a ba ka rasit mai lamba, haruffa da alƙaluma 13, farkonta R ƙarshenta NG, kuma sai an sa hannu kafin a miƙa ta. EMS, sashen gaggawa na NIPOST, wato hukumar gidan waya ta Najeriya, ya fi sauri ya fi tsada, lambarsa da E take farawa, a nan ma ba ruwanka da ƙirga kan sarki, biya za ka yi a ba ka takarda. Idan an sa wa Baba ranar rufewa kuma ta matso, EMS. Idan akwai sarari, rajista ta wadatar. Wannan rasit ɗin shi ne abin da tsoho zai ɗaga ranar da aka ce masa takardunsa ba su iso ba, kuma rajista a kanta kaɗai ake yin ta, ba a gida ba.

Na san wani zai ce ka kai tasha ka ba direba, ta Akwanga da Keffi yau-yau ta isa. Gaskiya ne, kuma ina yi idan ɗan'uwa ne zai tsaya a tashar Jabi ko Utako a Abuja ya karɓa. Amma ofishi ba zai aiko kowa tasha ba. Sai in kana da wanda zai karɓa ya kai da ƙafarsa, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan kwafi.

Saboda haka ga yadda zan yi in ni ne. Lissafin gida in yi shi don in san abin da zan tarar, in san cewa ta Abuja ta wuce matakin farko nesa, ta Ingila kuma tana ciki. Biya kuwa a kanta, duka biyun, tunda tafiya ɗaya ce. Ta kawu takarda ce zalla, a aika ta jirgin sama. Kada Baba ya saka kuɗi a ciki, an hana sa tsabar kuɗi a wasiƙar yau da kullum. In kuma ya ƙara wani abu kamar hula, ta tashi daga wasiƙa ta koma ƙunshi, za a ba ka takardar kwastan ka cike.

Kafin ka rufe ambulan ɗin Abuja, tambayi Baba ko ofishin kwafi ya nema ko na asali. In kwafi ne, na asali kada su bar gida. Ka yi kwafin komai ka ajiye, ka ɗauki hoton rasit da wayarka tun kana tsaye a kanta, don irin takardar nan tana dusashewa. Adireshi da manyan haruffa a tsakiya, da lambar akwatin ofishin in suna da ita, da lambar yanki mai alƙaluma 6, ta Abuja da 900 take farawa, tamu ta Jos da 930. Naka adireshin da lambar wayarka a bayan ambulan, domin in wani abu ya faru su san inda za su mayar. Ka je da safe, ka tafi da biro da ɗan gam naka. Ka gaida Baba, Allah ya sa a biya shi haƙƙinsa da wuri.