Wasiyyar Turawan Ingila: kafin 1858 da bayan 1858

Malama, kin ce kina bin asalin dangin mijinki ta wajen uwa, Turawan Ingila ne, kina tambaya ina ake samun takardun wasiyya da na rabon gadonsu. To kafin komai, yaushe mutumin ya mutu? Domin a watan Janairun 1858 aka raba hanya, abin da ke gaba da na baya sam ba iri daya bane.

Bayan 1858 aikin sha yanzu magani yanzu ne wallahi. Gwamnati ta karbe harkar daga hannun coci, ta hada Ingila da Wales a kundi guda da ake fitarwa duk shekara, sunaye jere bi da bi. Ki shiga shafin gwamnatin Birtaniya na neman wasiyya, ki sa sunan dangi da shekara, duba kundin kyauta ne, kwafin wasiyyar ake biya. Layi uku ko hudu za ki gani amma akwai nama: adireshin mamaci, ranar mutuwa, wanda aka damka wa dukiyar, da fam nawa ya bari. Ko a Jos ya mutu wajen hakar kuza, indai yana da dukiya a Ingila yana iya fitowa. Sai dai kar ki tsaya kan shekarar mutuwa kadai, kundin shekarar da kotu ta tabbatar da wasiyyar yake bi, wani sai bayan shekara biyu uku ko fiye.

Kafin 1858 kuwa, nan ne ake zufa. Kotunan coci ke tabbatar da wasiyya kuma sun haura 200, kowacce da yankinta, babu kundi guda. Inda dukiyar take shi ke nuna kotun. In duk a wuri daya take, karamar kotun yankin, yawanci yau takardun suna ma'adanar tarihi ta gundumar. In mutum na da kayan fam 5 ko fiye a yankin bishop (babban limamin coci) sama da daya sai a haura babbar kotu, ta York a arewa, takardunta na cibiyar Borthwick a jami'ar York, ko ta Canterbury a kudu. Ni dai da ta Canterbury zan fara, tunda wasiyyoyinta daga 1384 zuwa 1858 suna National Archives, babbar ma'adanar tarihi ta kasa da ke Kew a Landan, kuma ana saukewa ta intanet, ga shi masu mutuwa a teku ko kasar waje yawanci can ake kai nasu.

Amma fa tsofaffin sun fi dadin karatu. Za ki ga mutum ya bar wa 'yarsa gadon kwana da tukunyar tagulla, ya ambaci suruki da jikoki daya bayan daya, wani lokacin ma har da jerin kayan gida daki-daki, saniya nawa cokali nawa. Matsalar rubutun hannu ne, kamar kaza ta yi tonon kasa, kuma bayanin kotu kafin 1733 da Latin yake.

Abu biyu kar su ba ki mamaki. Matar aure kafin dokar 1882 da kyar ki samu wasiyyarta tunda dukiyarta a hannun miji take, sai dai zawarawa da wadanda ba su yi aure ba. Sannan in dangin 'yan Devon ne, yawancin nasu sun kone lokacin da aka yi wa Exeter, babban birnin Devon, ruwan bama-bamai a 1942, sai ki leka rajistar harajin gado da aka fara 1796, ita ma tana Kew.

Sukotilan kuma tsarinta daban, ba ta cikin wannan. Turo min shekarar mutuwar da sunan garin mu ga wace kotu ce.