Keken kishingiɗa a Yamai: wanne ya dace da titunanmu?

Ciwo ne ya raba ni da keken sirdi, wato keken da muka saba hawa. Duk ranar da na taka daga Lazare zuwa Harobanda na dawo, sai wuyan hannuna ya mutu, ƙuguna ya riƙe, in kwana ina juyi a kan katifa. Na canza sirdi har sau uku, na ɗaga kan keken, ba ta sauya zani ba. A cikin neman mafita na ci karo da keken kishingiɗa, wanda masu Faransanci ke kira vélo couché, kuma da wannan sunan za ka fi saurin samunsa a intanet. Mahayi yana zaune a kujera mai majingina, ƙafafunsa miƙe a gaba, feda ma tana can gaba. Nauyin jiki ya bazu a gadon baya, hannu bai ɗauki komai ba, wuya a sake. Yau shekara huɗu ke nan ina hawansa, kuma da wuya in tsaya shan ruwa wani bai tambaye ni inda ake samu da irin wanda ya kamata ya saya ba.

Keken ya daɗe a duniya. Ranar 7 ga Yuli 1933, wani Bafaranshe mai suna Francis Faure ya hau wanda Charles Mochet ya ƙera, ya yi kilomita 45 da mita 55 cikin awa ɗaya a birnin Paris, ya doke bajintar da Oscar Egg ya kafa tun 1914. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana irinsa shiga gasa, manyan kamfanoni suka juya masa baya, shi ya sa har yau ba ka ganinsa rataye a shago kamar sauran kekuna. Asirin gudunsa iska ce. A miƙaƙƙiyar hanya, da zarar gudu ya haura kilomita 20 a awa, yawancin ƙarfin mahayi yana ƙarewa wajen ture iska, mutumin da ya kishingiɗa kuwa ƙirjinsa bai tare ta ba. A 2016, a jihar Nevada ta Amurka, Todd Reichert ya wuce kilomita 144 a awa a kan keken kishingiɗa da aka lulluɓe da murfi kamar ƙwai, da ƙarfin ƙafarsa kaɗai.

Sai dai masu ƙera waɗannan kekuna ba su san rairayin lungunanmu ba, ba su san tsidau da ƙayar aduwa ba, ba su taɓa shiga tsakanin taksi da kabu-kabu a bakin Babbar Kasuwa da ƙarfe goma sha biyun rana ba. Abin da ake yabawa a Jamus yana iya zama wahala a nan.

Keken kishingiɗa iri uku ne. Na fari shi ne dogo, wanda tayarsa ta gaba take gaban feda. Tsawonsa yakan wuce mita biyu. Kujerarsa ta ɗan fi feda tsayi, saboda haka in wani ya gitta maka, ƙafarka ta kai ƙasa kafin ka yi tunani. Wanda bai taɓa hawa ba yakan iya shi cikin yini ɗaya. Tsawon nan kuma yana shanye girgizar burji, abin da ke da muhimmanci ƙwarai, domin a keken kishingiɗa ba ka iya miƙewa a kan feda in ka hango rami. Duk abin da taya ta taka, bayanka ne zai ji. Shahararren wannan iri shi ne Tour Easy na kamfanin Easy Racers a Amurka, kuma shi masu ƙerawa a gida suka fi kwaikwaya. Aibinsa biyu ne da na sani a jikina. Tayar gaba ba ta ɗauke da nauyi sosai, don haka in ka karya kwana a kan rairayin da iska ta shimfiɗa bisa kwalta, takan zame. Sannan ba ya shiga bayan taksi, juya shi a ƙaramin tsakar gida ma aiki ne.

Na biyu gajere ne. Tayar gaba tana ƙarƙashin gwiwa, feda tana kan wata sanda da ta fito gaba. HP Velotechnik na Jamus, AZUB na ƙasar Cek da Bacchetta na Amurka duk suna ƙera shi. Ya fi dogon kaifi a kwana, nauyi ya rabu daidai tsakanin tayoyin biyu, ga sauƙin ajiya. Amma ƙafa tana sama, tashi daga tsaye yana son sabo, kuma in ka karya kan sosai kana takawa, diddigenka na iya taɓa tayar gaba. A cunkoson da ake tsayawa ana tashi kowane taku goma, sabon hannu zai sha wuya makonnin farko. A cikin gajerun akwai wani na tsere da kujerarsa ke dab da ƙasa, kan mahayi bai kai tsayin gilashin taksi ba. Wannan ina roƙonka kada ka saye shi don titin Yamai, komai kyansa a hoto. Direban tifa ba zai gan ka ba, hayaƙin kowace mota kuma a hancinka zai ƙare. Ka nemi wanda in ka zauna idonka zai yi daidai da idon direban ƙaramar mota.

Mai taya uku shi ya fi jan hankalin mutane, kuma a kansa nake son in ɗan daɗe, don shi ne mafi tsada, shi ne kuma aka fi yin da-na-sani a kansa. Iri biyu ne: mai taya biyu a gaba, kamar na ICE a Ingila da Catrike a Amurka, da mai taya biyu a baya, kamar Kettwiesel na kamfanin Hase a Jamus. Na farkon ya fi riƙe ƙasa a kwana, na biyun kujerarsa ta fi tsayi, zama da tashi sun fi sauƙi. Ga dattijo mai ciwon gwiwa, ko wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki, ko mai jiri, ban san abin da ya kai shi ba. Ba a koyon sa, ba ya faɗuwa in an tsaya, kuma za ka iya hawan tudun da ke tasowa daga bakin kogi a hankali kamar tafiyar ƙasa. Mutane za su ɗauka keken masu lalurar ƙafa ne, kuma wannan yakan sa direbobi su ba ka wuri.

Ga mai lafiya kuwa, lissafin ya bambanta. Keke mai taya biyu layi ɗaya yake bi, kana iya ratsa tsakanin ramuka. Mai taya uku layi uku yake bi. In ka kauce da ɗaya, ɗaya ta faɗa, ƙaya ma haka, faci ya ninka. Mai taya biyu a gaba, tayar baya ɗaya ce ke tura shi, a rairayi sai ta riƙa juyawa wuri guda tana haƙa. Faɗinsa wajen santimita 80 ne, saboda haka ka auna ƙofar gidanka kafin ka biya kuɗi. Akwai kuma haɗarin da masu sayarwa ba su cika faɗi ba: in ƙafa ta suɓuce daga feda kana gudu, tana iya taɓa ƙasa keken ya ja ta ƙarƙashinsa. Duk mai hawansa ya sa feda mai maɗauri ko matokarin diddige.

Kowanne ka zaɓa, abin da zai sa ka ji daɗinsa ko ka jingine shi yana tara ƙura shi ne girman taya. Keken da na fara saya, daga hannun wani Bature da ya gama aikinsa zai koma gida, tayar gabansa inci 20 ce. Da ta fashe na ɗauka abin minti biyar ne. Na kai wa mai facin unguwarmu, dattijo ne, ya ɗauko sabuwa daga rataye, ya gwada, ya juya, ya sa ƙarfe ya danna, ta ƙi hawa. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wannan ashirin ɗin ba irin tamu ba ce." Na zaga Wadata, na zaga Katako, babu. Ashe inci 20 iri biyu ne. In ka duba gefen taya za ka ga lamba kamar 47-406 ko 28-451. Lambar ƙarshen ita ce faɗin da'irar rim daga gefe zuwa gefe, da milimita. Mai 406 ita ce ta kekunan yara da ƙananan kekunan wasan tsalle da ake kira BMX, ita ke cike da kasuwa. Tawa 451 ce. Sai da na canza rim ɗin dungurungum, sannan takalmin burki ya kasa kaiwa, aka sake walda. Don haka ka nace: gaba 406, baya 559, wato inci 26 irin ta keken hawan dutse. Ka zaɓi taya mai faɗi da kauri. In kana da mai zuwa daga waje, Schwalbe Marathon tana jure ƙaya, kuma ana yin ta a girman biyun.

Kujera ma iri biyu ce, ta raga da ta kwano mai soso a kai. Ta kwanon ta fi ba ƙafa matokara wajen gudu, amma a watan Afirilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, bayanka zai jiƙe sharkaf kafin ka fita unguwa. Ta raga nake hawa, iska tana ratsawa, in ta yage mai ɗinkin tamfol zai gyara. Ka sani kuma wanda ya kishingiɗa fuskarsa da ƙirjinsa da cinyoyinsa suna kallon rana. Ni da asuba nake fita, ko bayan la'asar.

Kacarsa ta ninka ta keken sirdi sau biyu da rabi zuwa uku, amma kaca ce ta yau da kullum, uku ake haɗawa. Tana bi ta gefen cinyar dama, tana baƙanta wando, shi ya sa ake zura ta cikin siririn tiyo. Baƙin tiyon ban-ruwa na masu lambu yana yi. Da hunturu ƙura takan shiga tiyon ta haɗu da mai ta zama kamar wasa wuƙa, saboda haka mai kaɗan ake sawa, a goge da tsumma. Giya kuwa ka tabbata akwai mai laushi sosai, tunda ba ka miƙewa ka danna da nauyinka a tudu. Burki mai waya ya fi mai mai a nan, don kowane mai gyaran keke zai iya taɓa shi. Madubi wajibi ne, waiwaye daga kishingiɗe ba ya yiwuwa yadda ka saba. Doguwar sanda mai jan ƙyalle a baya da fitila ma haka.

Sai batun inda za a samo. Sabo daga Turai kuɗinsa ya kai na babur, wani ma ya wuce, kafin a zo ga kuɗin jirgi da na duwan, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke zuwa ta teku suka koma dogon zagaye. Na hannu daga Faransa ko Beljiyam ya fi sauƙi in kana da ɗan'uwa a can da zai je ya gani da idonsa, ya duba tsagewa a wuraren walda, ya juya ƴan tayoyin robar da kaca ke bi ya ji ko boris ɗinsu ya ci. Yawancin na waje da alminiyam aka yi su. Ba su da nauyi, amma in gangar jikin ta tsage, waldar da muka saba ba ta kama alminiyam. Na ƙarfe ko a ƙauye ya karye za a ɗinke shi.

Wannan ne ya sa keken da nake hawa yanzu a nan Yamai aka ƙera shi, dogo, daga tsofaffin kekuna biyu: bayan keken hawan dutse mai inci 26 da gaban keken yara mai 406. Masu ƙera keken masu lalurar ƙafa sun riga sun san yadda ake haɗa kujera da kaca mai nisa, su ya kamata ka nema. Amma ka zauna a wurin ranar haɗi. Na farkon da na ba aikin ya yi waldar lantarki a kan siririn bututu ya ƙone shi, tayoyin kuma ba su hau layi ɗaya ba, keken yana ja hagu. Na biyun ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya ɗiga walda wuri huɗu, ya ce, "Malam, hau ka ji tukuna, kafin in rufe." Na hau na zaga, muka matsar da kujera yatsa uku, sannan ya cike da waldar gas. Keken ya fi na Turai nauyi, ina jin haka a tudun da ke bayan gadar Kennedy, amma duk abin da ke jikinsa akwai shi a Katako.

In ka tambaye ni, mai lafiya da zai fara ya ɗauki dogo na ƙarfe mai kujerar raga. Wanda wurin ajiya ya yi wa kaɗan, ko yake son saka shi a mota, ya ɗauki gajere mai matsakaicin tsayi. Mai taya uku a bar wa wanda jikinsa ya buƙata, ko wanda ke da shimfiɗaɗɗiyar kwalta kusa da gida, nesa da cunkoso.

Kafin ka aika ko dala, ka zauna a ƙasa ka jingina bayanka da bango, ka miƙe ƙafa, wani ya auna daga bangon zuwa tafin diddigenka. Wannan awon shi ne masu ƙerawa ke tambaya, shi ma mai walda da shi zai san inda zai kafa feda. Ranar farko ka nemi fili mai tauri, ka sa giya mai laushi, ka ɗaga feda ɗaya sama, ka saki kafaɗa, ka kafa ido can nesa, sannan ka tura. Cinyoyi za su yi tsami makonnin farko, don naman da ke aiki a nan ba wanda ya saba da keken sirdi ba ne, saboda haka kada ka shiga babban titi sai ka iya tashi da tsayawa sau goma a jere ba ka yi tangaɗi ba.