Injin wafil, tosta ko kasko: wanne za ki saya don wainar ƙwan safe?

Tun da bidiyon nan ya fara yawo a TikTok na masu zuba ƙwai a injin wafil su rufe, minti uku su buɗe ga waina ta fito da ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, mata uku a layinmu nan Aboabo a Kumasi sun tare ni da tambaya ɗaya, wai Hajiya in saya ko kar in saya. Suna tambayata ne don sun san ina da shi, ƙanina ya aiko min daga Ingila, kuma ina da tosta ta gasa burodi, ga kaskona na tun aure, to duk ukun na soya ƙwai a cikinsu har na gaji, bari in faɗa muku yadda kowanne yake kafin ku ɗauki kuɗi ku hau trotro zuwa Adum.

Shi wafil ɗin kansa wata irin waina ce ta Turawa, ta fulawa da ƙwai da madara, an fi saninta da ƙasar Beljiyam, injin kuma faranti biyu ne masu haƙora da ke zafi sama da ƙasa. Wannan zafi ta gefe biyu shi ne duk daɗinsa, ba juyawa, ba wainar da za ta karye miki a tsakiya, kuma gefen ramukan nan yana soyuwa ya yi ɗan ƙauri mai daɗi, shito, soyayyen yajin nan namu, ya zauna a ciki ɗas. Yarana har rigima suke a kai. Amma akwai abin da masu bidiyo ba sa nunawa. Ƙwai yana kumbura in ya ji wuta, in kin cika farantin kin rufe to sai ya tsiyayo ta gefe ya shiga cikin hinjin da ke riƙe da murfin, wallahi ranar farko ƙwai huɗu na fasa na zuba gaba ɗaya, na ƙare da tsinken sakace ina ƙwaƙulo busasshen ƙwai daga lungu-lungu har yara suka makara makaranta. Madaidaicin inji mai zagaye ƙwai biyu ne cikinsa, ki bar haƙoran suna ɗan leƙowa.

In kin dage shi kike so, ga abin dubawa. Na farko zurfin ramin. Akwai mai zurfi wanda ake cewa na Beljiyam, akwai mai gajeren haƙori. Don ƙwai mai gajeren ya fi, saboda a mai zurfin ƙwan yana kwanciya a ƙasa farantin sama bai taɓa shi ba, ƙasa ya soyu sama na nan da danshi, sai dai in irin wanda ake kifar da shi ne a kan ƙafarsa, shi kuma ya fi tsada ya fi cin wuri. Na biyu, kuma wannan ni a wurina ya fi komai, ki tambaya ko farantin yana cirewa. Akwai masu faranti kala uku a kwali ɗaya, na wafil, na burodi, da na gashi, ki danna maɓalli ya fito ki kai shi bakin famfo ki wanke da soso. Wanda ba ya cirewa ba a tsoma shi a ruwa, sai dai ki cire fulogi ki jira ya huce ki bi shi da jiƙaƙƙen tsumma rami bayan rami, kuma ƙarnin ƙwai kun san halinsa, in ya samu lungu ya kwana ba ya tafiya.

Sai maganar wuta, a nan ne mutane ke asara. Wutarmu a Gana ƙarfinta volt 230 ne, soket ɗinmu mai baki uku irin na Ingila. Kayan hom-yus, wato na hannu da ake kawowa daga waje, da ake jibgewa a bakin titi, wanda ya fito daga Ingila zai shiga kai tsaye, na Jamus ko Holan ƙarfin wutarsu ɗaya da namu sai dai bakin fulogin biyu ne masu zagaye, adafta kawai za ki nema. Amma na Amurka da Kanada 120 ne. Wata maƙwabciyata ta samo irinsa da araha, fes da shi kamar ba a taɓa amfani da shi ba, ta sa adafta ta jona, ko ƙwan ba ta gama kaɗawa ba muka ji ƙauri, shi kenan ya tafi. Adafta baki kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta, abin da ke ragewa tiransifoma ce, kuma wadda za ta ɗauki abu mai zafi haka kuɗinta sai ya iya fin na injin. Don haka ki kifar da shi ki karanta takardar da ke manne a ƙasa, in kin ga 220-240V ki ci gaba da ciniki, in 120V ne ki ajiye ko da kyauta aka ba ki. Ki kuma ce mai shago ya jona a gabanki ki taɓa ki ji duk faranti biyun na ɗaukar zafi, ki duba baƙin fentin nan da ke hana kamu, in ya kankare ko yana ɓarewa ƙwai zai manne ne kamar an sa gam.

Cin wutarsa bai kai yadda ake tsoro ba. Yawancinsu tsakanin wat 700 ne zuwa 1200, a ce naki 1000 ne kin kunna minti shida da ɗumamawa da suya, kashi ɗaya cikin goma na yunit kenan, safiya goma yunit ɗaya. Amma in gidan haya kuke mita ɗaya kuke haɗa kuɗin firifed, ki shirya jin magana, don mutane da sun ga abu na fitar da tururi sun gama yanke hukunci ke kika cinye wutar. Kar kuma ki haɗa shi da ketil da dutsen guga a kan ƙaramin ekstenshan ɗaya. In dumso, wato ɗauke wuta, ya zo da asuba kuwa ai sai kallo.

Tosta fa, wadda ke matse burodi ta yanka shi gida biyu masu kusurwa uku-uku ɗin nan? Gaskiya don ƙwai kaɗai ta fi injin wafil sauƙin sha'ani, ramukanta manya ne masu santsi, ƙwai ɗaya ya isa gefe guda, gogewa ba wuya, ana samunta ko'ina daga Melcom har ƙananan shagunan Kejetia kuma galibi ta fi araha. Ƙwan yana fitowa da kauri da laushi, ki tsaga burodin shayi ki cusa, ga cibom ɗinki ba sai kin aika wurin mai shayi ba. Abin da ba ta da shi wannan ƙaurin gefen ne, kuma yara ba sa yi mata ihu.

Kasko kuwa, to. Mu shida ne a gida, in zan yi da injin wafil sau uku zan zuba, kafin na ƙarshe ya fito na farko ya huce, Alhaji ya gama shayinsa yana duba agogo. A kasko ƙwai shida zuwa takwas lokaci ɗaya, da albasa da tumatir da attaruhu yadda rai ke so, ba ruwansa da an ɗauke wuta, ya hau gas ya hau kurfoti. A injin dole ki yanka komai ƙanana sosai, ki matse ruwan tumatir, in ba haka ba murfin ba zai zauna ba kuma ruwan ya sa wainar ta yage gida biyu in kin buɗe. Ai ranar da Mma ta zo ta ga ina shafa wa haƙoran mai ɗaya bayan ɗaya sai ta ce ke wannan ba tandar masa ba ce aka sa wa waya? Na yi dariya amma da ta tafi na ɗauko tandar na gwada, ɗan mai a kowane gurbi, ludayi ɗaya na ƙwai, juyawa da tsinke, suka fito ƙanana zagaye-zagaye kuma yaran suka cinye tas ba wanda ya tambayi wafil.

To in ke kaɗai ce ko ku biyu, ko ɗalibi a hostel ɗin jami'ar KNUST da ba shi da murhu, sayi mai faranti uku mai cirewa, 230, mai gajeren haƙori, za ki more shi har da gasa burodi. In don ƙwai kawai ne kuma kuɗin a ƙirge yake, tosta. In gidanku ya wuce mutum huɗu ki ƙara kuɗin ki sayi kasko mai kauri da kiret ɗin ƙwai. Wadda ta riga ta saya kuma, ki bari ya yi zafi sosai kafin ki zuba, ki shafa mai sama da ƙasa ko da an rubuta ba ya kamu, kar ki buɗe sai tururin ya ragu, ki ɗago wainar da cokalin katako ba na ƙarfe ba. Nawa dai yanzu ranar Asabar kawai yake saukowa daga saman firij.