Ƙaramar Firintar Hoto: Ka Tambayi Takarda Kafin Ka Tambayi Kuɗin Inji

Hajiyarmu ba ta yarda da hoton da ke cikin waya ba. In dai ba ta riƙe shi a hannu ta sa a albam ba, to a wurinta ba a ɗauka ba. Ga jikoki sai ƙaruwa suke, yau suna, gobe saukar karatu, ga Hawan Sallah a Ƙofar Soro da yara ba sa bari ya wuce su. Zuwa situdiyo don a wanke hoto biyu kacal ya ishe ni, shi ya sa na nemi ƙaramar firinta ta gida, na ƙare a kan Canon Selphy CP1500, wadda ta fito a 2022.

Kafin ita na duba 'yan ƙananan nan masu shiga aljihu. Akwai masu takardar ZINK, inci 2 da 3, ba tawada, bayanta da gam. Zafi ne ke fito da kalar daga jikin takardar, ni kuwa da na tuna zafin Katsina a watan Afrilu sai jikina ya yi sanyi da ita. Instax Mini Link ta Fujifilm kyakkyawa ce, 'yan mata na son ta, amma hoton bai wuce girman katin ATM ba, fim goma ne a fakiti. Hajiya sai ta ɗauko tabarau kafin ta gane wane jika ne.

Selphy tana fitar da inci 4 da 6, girman da muka saba gani a albam. Yadda take aiki ma abin kallo ne. Takarda za ta shiga ta fito sau huɗu: rawaya, sai ja-ja, sai shuɗi, sannan ta bi da wani siririn rufi mai kare hoton daga ruwa da shatin yatsa. Bai kai minti guda ba ya fito a bushe. Daga waya nake turawa ta Wi-Fi, tana kuma karɓar katin mimori.

Abin da ya fi ja na shi ne lissafinta ba ɓoye-ɓoye. Fakitin KP-108IN takarda 108 ne da kaset ɗin kala uku, kowanne hoto 36, tare suke ƙarewa. Raba kuɗin fakiti gida 108, ka san abin da kowane hoto ya ci maka. Ba ruwan tawada ba ne, don haka ko ta yi watanni a ajiye ba abin da zai bushe ya toshe, saɓanin firintar ofis mai ruwan tawada. Sai dai a nan gizo ke saƙar: in ba takardarta, inji ya zama kayan ado. Ni daga Kano nake sa a taho min da ita, biyu-biyu. Duk mai shagon da zai sayar maka da inji, ka tambaye shi ko yana kawo takarda, kuma nawa. In ya fara kame-kame, ka yi gaba.

Tana yin fasfo, da dama a takarda ɗaya, sai ka sa almakashi. Lokacin cike fom ɗin makaranta maƙwabta har sallama suke yi, “Malam, a taimaka da na yaron nan.” Amma a tsayar da yaro a jikin farin bango da rana, don hoton da aka ɗauka a duhu firinta ba za ta gyara shi ba.

Ƙura ce abokiyar gabarta. Takardar na leƙowa ta baya yayin aiki, don haka a bar mata fili, a goge teburi, musamman da hunturu. Ƙwayar ƙura ɗaya kan bar tabo a fuskar mutum. Ni a cikin jaka mai zif take kwana. Batir kuma daban ake sayensa, ba ya cikin kwali, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugawa wannan takardar ta tafi. A inbata nake jona ta, ba ta da cin wuta.

Wanda zai wanke hoton biki ɗari uku, situdiyo ta fi masa sauƙi. Mai buga biyar yau, goma wani mako, ita ce daidai shi.