Unguwar dattawa a Amurka: ta 55 ko ta 62?

Duk wanda ritaya ta ƙarato masa a Amurka ya ga tallar unguwannin dattawa. A 1988 aka gyara dokar gidaje ta 1968, aka haramta ƙin sayar wa mutum gida don yana da yara. Unguwannin dattawa ne aka keɓe daga wannan hani, kuma dokar gidajen dattawa ta 1995, wato HOPA, ce ta tsara sharuɗɗan da ake bi yau. Akwai unguwar masu shekara 55 zuwa sama, akwai ta masu 62.

Ta 62 ba sai na ɓata bakina ba. Kowa a gidan sai ya cika 62, ban da mai jinya. In ka girmi uwargida da shekara goma, wuce kawai.

Ni ta 55 nake so. Sharaɗinta shi ne kashi 80 cikin 100 na gidajen da ake zaune a ciki su kasance da aƙalla mutum ɗaya mai 55. Yawanci kai kaɗai ka isa, iyali su shiga a inuwarka. Duk shekara biyu ƙungiyar masu gidaje za ta sake tantance shekarun mazauna, fasfo ko lasin tuƙi ya wadatar. Irinsu ne Sun City ta Arizona da aka buɗe a 1960, da The Villages ta Florida. Shiru, tsabta, maƙwabta sa'anninka. Inda take cizo, jikoki. A The Villages wanda bai kai 19 ba kwana 30 yake da su a shekara. Mu da 'yar da ta haihu ke zuwa wankan gida har ta yi arba'in da jariri, ka ga lissafin bai fita ba.

Sai dillalai. Wani ya rantse mini cewa ragowar kashi 20 ɗin haƙƙin matasa ne, ɗana mai shekara 34 zai iya riƙe gidan in na koma Kano. Na ba da kafin alƙalami. Da takardun ƙungiya suka zo, shafi na sha wani abu ya ce ba gidan da za a zauna babu mai 55. Doka ta bar wa ƙungiya zaɓi ne, ba ta tilasta mata ba. Da ƙyar na karɓo rabin kuɗina.

Saboda haka karanta kundin ƙungiya da idonka kafin ka sa hannu. Nemi inda aka rubuta makomar matarka in ka riga ta tafiya ba ta kai 55 ba, da ko magada za su iya zama ko sai dai su sayar. In ka ga gida ya yi arha fiye da kima, tambayi filin na wane ne. Da yawa ginin kawai ake sayar maka, ƙasar kuwa haya ce duk wata, kuma tana hawa. Dillalin da ya ce takardu sai bayan biya, ɗauki hularka ka fita.