Sayen laftof yanzu ko jiran sabon zubi: amsa ga tambayar ɗan'uwa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana da tsohuwar HP mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5 zubi na 6, tana kan Windows 10, batirinta ya daina riƙe caji, kuma da ita kake rubuta kundin digirinka na biyu, da ita kuma kake 'yan ayyukan zane a CorelDraw da ke kawo maka na cefane. Ka tara kuɗin sayen wata, sai aka ce maka ka dakata domin sababbin kwamfutoci masu ƙirƙirarriyar basira suna nan tafe. A halin da ka bayyana, ra'ayina shi ne ka saya yanzu. Amma jira ma yana da hujjoji masu ƙarfi, kuma a cikin masu karanta wannan amsa akwai waɗanda jiran ne ya fi musu alheri, don haka zan ajiye zaɓin biyu kafaɗa da kafaɗa.

Zan fara da hujjar masu cewa a jira, domin akwai lokutan da gaggawa ta jawo wa mutane asara ta gaske. A watan Maris na 2020 kamfanin Apple ya fitar da MacBook Air mai furosesar Intel a kan dala 999. A watan Nuwamba na wannan shekara ya fitar da wata Air ɗin mai furosesar M1 ta ƙashin kansa, a kan farashin nan dai, alhali ta fi ta farko sauri nesa ba kusa ba, ba ta da fanka, kuma kamfanin ya ce batirinta na iya kai awa 18. Wata takwas kacal ke tsakaninsu, amma macOS Tahoe, wato tsarin gudanar da kwamfutocin Apple da ya fito a 2025, ya karɓi mai M1, ya bar mai Intel ɗin a baya. Irin haka ta sake faruwa a ƙarshen Oktoba 2024, lokacin da Apple ya ninka RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) na Air mafi araha daga 8GB zuwa 16GB ba tare da ƙara ko sisi ba, sannan a Maris 2025 ya fitar da mai M4 a kan dala 999, wato ƙasa da farashin mai M3 da dala ɗari. Da yake RAM ɗin waɗannan kwamfutoci ba ya ƙaruwa bayan an saya, wanda ya biya kuɗinsa a Satumba 2024 ya zauna da rabin abin da maƙwabcinsa ya samu bayan 'yan makonni.

Sai dai a lura da wani abu game da misalin farko. Tun a watan Yuni na 2020 Apple ya sanar a bainar jama'a cewa zai rabu da Intel, kuma kwamfuta ta farko mai sabuwar furosesa za ta fito kafin ƙarshen shekara. Wanda ya jira daga Yuni zuwa Nuwamba ya san abin da yake jira, ya kuma san iyakar jiransa. Wannan ya bambanta da mutumin da aka ce masa kawai “sabbi suna zuwa”, domin sabbi kullum suna zuwa: a kowane Janairu ana baje kolin kayan fasaha na CES a Las Vegas, a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni a yi na Computex a Taipei, kuma kusan kowace shekara Intel da AMD sai sun sanar da wani zubi. Idan ba za ka iya faɗin sunan abin da kake jira da watan fitowarsa ba, to jiran gawon shanu kake yi.

A ɓangaren saye yanzu, hujja mafi nauyi a wurinka ita ce tsaro, kuma ba ta da alaƙa da sababbin kayan da ake talla. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane wani shiri na ƙarin gyare-gyaren tsaro da ake kira ESU, wanda wa'adinsa ya tsaya a 13 ga Oktoba 2026, amma wannan jinkiri ne kawai. Windows 11 kuwa yana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Taka mai zubi na 6 ba ta cikin jerin. Ma'ana, duk watan da ka ƙara kana jira bayan ƙarewar tallafi, kana shiga akwatin imel ɗinka da shafin bankinka ne da manhajar da ba a toshe sababbin ɓarakokinta. Mutumin da kwamfutarsa take kan Windows 11 bisa ƙa'ida ba shi da wannan matsi, zai iya jira wata shida ba tare da ya rasa komai ba. Kai ba ka cikin wannan sahu.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne shawarar da ake karantowa daga Amurka da Turai take yawan ɓatar da mu. A can, idan sabon zubi ya fito, farashin na baya yakan sauka, don haka mai jira yana da riba ta fuska biyu. A wurinmu kuwa laftof kaya ce da ake shigo da ita da dala, kuma ɗan kasuwar Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, yana sa farashi ne gwargwadon abin da zai kashe ya sake yin sari. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye nairarsa a wannan tsakani yana jiran ragin dala ɗari ya wayi gari kuɗinsa ba su isa sayen ko da tsohon zubin ba. Adalci ne a faɗi cewa abin yakan juya: a Afrilun 2024 naira ta farfaɗo zuwa ƙasa da 1,200 kafin ta sake zamewa cikin 'yan makonni, kuma wanda ya dace da wannan ɗan lokaci ya ci riba. Amma wannan caca ce a kan canjin kuɗi, ba hikimar sanin kwamfuta ba ce. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da sauƙi ta wannan fuska, tun da sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, saboda haka jira bai cika cinye ajiyarsu kamar yadda yake cinye ta mai naira ba.

Ko a dala ma, ba dole ba ne farashi ya riƙa sauka. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix da Micron, su ne ke ƙera mafi yawan RAM na duniya, kuma a ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun riƙa kwashe abin da ake ƙerawa, har Micron ya sanar a Disamba cewa zai rufe sashensa na Crucial mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane. An ga makamancin haka a 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta haɗa ƙarancin kaya da yawan masu nema.

Game da ƙarfin aiki, bambancin zubi da zubin da ke bi masa yawanci ƙarami ne, wanda mai rubutu a Word da lissafi a Excel ba zai ji shi a hannunsa ba. Babban tsalle yakan zo ne jefi-jefi. Ɗaya daga cikinsu ya faru a 2017, lokacin da Intel ya tashi daga furosesar i5-7200U mai ƙwayoyin aiki (wato sassan da ke raba aiki a cikinta) biyu zuwa i5-8250U mai huɗu. Wani kuma ya zo a 2022 da zubi na 12. Tun da kai daga zubi na 6 za ka taso, duk abin da ka saya daga na 8 zuwa sama zai ba ka canjin da za ka gani tun ranar farko, musamman idan yana da ma'ajiya mai sauri ta SSD maimakon tsohon faifan ajiya mai juyawa. Abin da jira zai ƙara maka a kan haka ɗan kaɗan ne.

Inda sababbi suka yi fice da gaske shi ne batir, kuma ga mutumin da ke aiki inda wuta ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Furosesar M ta Apple, da Snapdragon X na Qualcomm da suka shigo kasuwa a Yunin 2024, da Core Ultra 200V na Intel da suka biyo baya a Satumba, dukansu suna iya ɗaukar wunin aiki a caji ɗaya. To amma waɗannan sun riga sun fito, ba abin jira ba ne, abin da ya rage shi ne ko aljihu zai iya. Kowannensu kuma yana da sharaɗinsa. Masu Snapdragon ba irin ginin Intel da AMD gare su ba, don haka wasu tsofaffin manhajoji da wasu firintoci ba sa tafiya da su yadda ya kamata, kuma mai cin abinci da zane da bugawa ya wajaba ya tabbatar kafin ya biya. Masu Core Ultra 200V kuwa RAM ɗinsu a manne yake da furosesa, 16GB ko 32GB, ba a ƙara shi har abada.

Ita kuma ƙirƙirarriyar basirar da aka ce ka jira, Microsoft ya sanar da kwamfutocin da ya kira Copilot+ a watan Mayu na 2024, da sharaɗin RAM 16GB da wani sashe na musamman a cikin furosesa mai suna NPU. Babban abin da aka yi tallarsu da shi, wato Recall mai ɗaukar hotunan allo domin a iya neman abin da aka yi a baya, an janye shi kafin ranar fitowa saboda ƙorafin masana tsaro, kuma bai isa hannun jama'a ba sai a Afrilun 2025. Waɗanda suka yi rige-rigen saye dominsa sun shafe kusan wata goma suna jiransa da kwamfutar a hannu. Sannan ChatGPT da Gemini da makamantansu, waɗanda su ne yawancinmu muke nufi idan muka ambaci wannan fasaha, a kan manyan na'urorin kamfanoninsu suke aiki ta intanet. Data suke buƙata a wurinka, ba sabuwar furosesa ba. Ko baya ga wannan, sabuwar ƙira ta farko takan zo da cutarta. Madannan da Apple ya sa wa kwamfutocinsa daga 2015 zuwa 2019 sun yi ta maƙalewa, har kamfanin ya amince a 2022 zai biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar masu saye.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba, amma ita ce za ta yanke hukunci a kasuwa: sabuwa dal za ka saya ko ta hannu? Idan ta hannu ce, kamar yadda akasarinmu muke yi, to sanarwar Las Vegas ba ta shafe ka ba ko kaɗan, domin kayan da ake kawo mana waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka sauke ne bayan sun yi musu aiki shekara uku zuwa biyar. Abin da za a ƙaddamar a bana sai bayan shekaru zai iso wannan layi. Haɗarinka a nan daban ne, wato a sayar maka da wadda Windows 11 bai amince da ita ba. EliteBook 840 G3 da G4 na HP, da ThinkPad T460 da T470 na Lenovo, duk 'yan zubi na 6 ne da na 7, kuma za ka iya tarar da su da Windows 11 a kai, domin akwai dabarar ɗora shi ta bayan fage, sai dai Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin waɗannan gyare-gyare ba. Kada kalmar i7 ta ruɗe ka: i7-7600U ƙwayoyin aikinta biyu ne, ta kasa i5-8250U, kuma ba ta cikin jerin. Lambar da ke bayan ɗan layin ita ce abin dubawa. 8250 zubi na 8 ne, 10210 na 10, 1135G7 kuma na 11.

EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 masu furosesar zubi na 8 su ne matakin ƙasa da zan yarda da shi, kuma kowace tana da gurbin RAM biyu, don haka kana iya farawa da 8GB ka ƙara daga baya. Amma 'yan 2018 ne, sun kwana biyu, saboda haka idan kuɗinka za su kai ga 840 G7 ko G8, ko ThinkPad T14, ko Latitude 5420 ta Dell, sun fi cancanta, da RAM 16GB idan hali ya yi, tun da aikin zane yana cin sa.

Jira ɗaya ne zan goyi baya a halinka, shi ne gajere mai ranar ƙarewa. Idan ƙarshen Nuwamba ya kusa kuma sabuwa kake so, rangwamen Black Friday a shagunan intanet irin su Jumia da Konga zai iya cancantar haƙurin mako biyu ko uku, bisa sharaɗin ka rubuta farashin yau domin ka gane ragin gaske daga na baka. Haka nan idan abin da ka tara ya tsaya a zubi na 7, gara ka ƙara wata ɗaya ka cika na zubi na 8 ko sama. Tsohuwar kuma kada ka yar da ita. Linux Mint, wato tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows, zai tafi a kanta lafiya, ta zama ta karatu da shiga intanet, ko da yake CorelDraw ba shi da sigar Linux.

Ranar da za ka je saye, ka tafi da filas ɗinka mai ɗauke da wani babban aikin zane, ka roƙi a bar ka ka gwada. Ka sa a buɗe manhajar PC Health Check ta Microsoft domin ta tabbatar da cancantar Windows 11, sannan a rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka kwatanta ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. Idan ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, a ganina sai a rage maka kuɗin sabon batir daga farashin. Ka kuma nemi a rubuta maka lambar jikin kwamfutar da kwanakin garanti a kan rasit kafin ka tura kuɗi. Allah Ya ba da sa'ar kammala karatu.